Shekarar da Na Auna Makarantar Goggo

Na san abin da kuka taso kuna ji a babban gidan danginmu na Sabon Garin Zariya. Ko a bikin auren Na'omi na bara sai da wata 'yar uwa ta faɗa a gaban jikokina, wai cikin wasa, cewa ni ce na je jami'a na dawo na rufe makarantar Goggo Hannatu. Aka yi dariya, ni ma na yi murmushi na ci gaba da zuba wa baƙi shinkafa. Amma da na dawo gidana a Palladan na zauna, sai na ga waɗanda suka san yadda abin ya faru sun ƙare. Goggo ta tafi, babanku ya tafi, saura ni. Shi ya sa zan rubuta muku shi yadda ya kasance.

Goggo Hannatu yayar mahaifina ce, kuma ita ta riƙe ni tun ina 'yar ƙarama da mahaifiyata ta rasu. Ba ta taɓa haihuwa ba. Ku kun san ta a matsayin Kaka mai ba ku ƙosai da kunun tsamiya, ni kuwa na san ta tana malamar firamare mai tsananin gaske, wadda ko gyalenta ba ya karkacewa. Da ta yi ritaya ba ta iya zama ba. Ta roƙi wani ɗaki a gefen majami'armu, kusa da kasuwa, ta buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata. Da la'asar ta yi, ciniki ya lafa, sai ka ga mata suna shigowa da warin manja da kifi a jikinsu, Kirista da Musulmi, Hausawa da Yarbawa da Ibo, kowace da ɗan allonta. Ita da kanta ta rubuta ɗan littafin da suke karantawa. Daga baya wata ƙungiya ta ji labari ta shigo da tallafi, tana ba da benci da alli da littattafai, tana kuma kula da malamai mata biyu da Goggo ta ɗauka. Duk ƙarshen shekara a yi taro, a gayyato baƙi, mata su tashi ɗaya bayan ɗaya su karanta shafi, a tafa, a ba su takardar shaida. Ni kaina na sha yin kuka a wajen taron nan don murna.

Ni kuwa a lokacin na haura arba'in, ina koyarwa a wata sakandare a Samaru, ku huɗu kuna gabana. Abin da ya mayar da ni karatu shi ne gajiya da duba takardun jarrabawa ba tare da na yarda da makin da nake bayarwa ba. Yarinyar da na san ta fahimci darasi ta faɗi, wanda ya haddace ya ci. Sai na nemi digiri na biyu a fannin auna ilimi da tantance shirye-shirye, wato koyon yadda ake tsara jarrabawa ta gaskiya, da yadda ake duba wani shiri na ilimi a gane ko yana yin abin da aka kafa shi dominsa. Ba ƙaramar wuya na sha ba. 'Yan ajinmu sa'o'in ƙannena ne, Mama suke ce min, suna zuba Turanci da Hausa a haɗe har in rasa inda magana ta dosa. Darasin lissafin ƙididdiga kuwa ya kusa kora ta gida. Iliya zai tuna yadda muke zama a tebur ɗaya, shi da aikinsa na makaranta ni da nawa, kowa yana tsaki.

Wanda aka ba shi duba aikina shi ne Dokta Garba, wani siririn mutum ɗan cikin birni, mai magana a hankali kamar ba ya so a ji. Ranar farko da ya shigo ajinmu ya ce:

"Kafin ku ce ɗalibi ya ci ko ya faɗi, ku fara tuhumar jarrabawar. Abin da ta ce tana aunawa, shi take aunawa kuwa?"

Da lokacin zaɓen batun bincike ya zo, ban yi dogon tunani ba. Na ce zan tantance ajin Goggo. A raina kyauta ce zan yi mata. Na ga shekarun da ta ba wa aikin nan, na ce bari a samu kundi a jami'a da zai shaida shi. Dokta ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Malama Ladi, wadda ta riƙe ki ce fa. Idan abin da kika samu bai yi daɗi ba fa?"

"Ranka ya daɗe, na san ajin nan. Zai yi daɗi."

Ya ja takardar ya sa hannu. Goggo kuwa murna kamar ta taka rawa. Kafin mako ya zagayo ta gaya wa zumuntar mata ta majami'a, ta gaya wa fasto, ta kuma je ofishin ƙungiyar nan ta ce musu 'yarta tana bincike a jami'a, idan ta gama za ta kawo musu su gani da idonsu. Dama suna shawarar buɗe irin ajin a wasu unguwanni su ba ta jagoranci. Suka ce madalla, suna jira.

Jarrabawar da na tsara ba mai wuya ba ce. Na ɗauki kalmomin da ke cikin littafin Goggo, ban ƙara ko ɗaya ba, sai dai na sauya musu wuri na yi sababbin jimloli, na rubuta su da manyan baƙaƙe a kan kati. A littafin akwai inda aka ce, "Talatu ta je kasuwa ta sayo gishiri da manja." A katina na rubuta, "Talatu ta sayo manja ta je gida." Na zauna a ƙarƙashin bishiyar darbejiya da ke bayan ɗakin, ana turo min mata ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka riga suka karɓi takardar shaida.

Wadda ta fara zuwa ita ce Mama Kande mai busasshen kifi, tauraruwar ajin, wadda ake sa wa ta buɗe karatu a taron ƙarshen shekara. Ta gyara zama, ta karɓi katin da hannu biyu, ta ɗora yatsa a kalmar farko. Fuskarta ta washe, don ta gane sunan. Ta ɗaga murya ta ce:

"Talatu ta je kasuwa ta sayo gishiri da manja."

Yatsanta yana tafiya a kan katin daidai da muryarta, har ya ƙare kafin maganar ta ƙare. Na ce ta sake dubawa a hankali. Ta sake faɗin abin da ta faɗa. Na miƙa mata wani katin, ta dube shi ta juya shi, ta kasa karantawa. Na ce wa kaina tsoro ne ya kama ta, ko rubutuna ne. Na koma gida na sake katunan da irin rubutun littafin sak. Na roƙi wata 'yar ajinmu ta je ta gwada su ba tare da ni ba, ko ganina ne ke ruɗa su. Abin bai sauya ba. 'Yan kaɗan ne suka iya karanta sabuwar jimla, kuma da na bincika, yawancinsu sun taɓa yin firamare suna yara. Sauran sun haddace littafin ne daga bango zuwa bango, da wurin da kowace jimla take a shafi. Ba yaudara kowa ya yi ba. Goggo tana karantawa, suna maimaitawa, har ya zauna musu. Ita kuma da ta ji suna faɗa daidai, yatsa yana bin layi, sai ta gode wa Allah.

Na kai wa Dokta sakamakon ina fatan ya samo kuskure a aikina. Ya duba ya duba, ya ce aikin lafiya lau yake. Sannan ya ce:

"Amma abu ɗaya kika auna. Kin tambayi matan nan me ya kawo su, me kuma suka samu? Koma ki zauna da su. Mai tantancewa ba ya tsayawa a kati."

Na koma. Na bi su rumfa rumfa cikin kasuwa, daga 'yan tumatir har layin 'yan gwanjo. A nan na ga abin da katina bai gani ba. Matan da a da dangwala yatsa suke yi, yanzu suna rubuta sunansu. Sun san lambobi, suna gane ranar da aka rubuta musu a katin asibiti. Wata ta ce tun da ta shiga ajin ta daina jin tsoron shiga ofishin shugaban makarantar 'ya'yanta. Wata Bayarabiya Kirista ta ce lokacin da gari ya rikice, 'yar ajinsu ce Musulma ta ɓoye ta da 'ya'yanta a ɗakinta. Duk na rubuta. Har na fara tunanin in cika kundin da waɗannan, in bar zancen karatu ya shige a layi biyu inda ba mai lura.

Mama Kande ce ta hana ni, ba tare da ta sani ba. Na same ta tana kore ƙuda daga kan kifi. Ta ba ni kujera, ta leƙa hagu da dama, ta rage murya.

"'Yar Malama, ni fa na san ban iya ba. Tun kafin ki zo da katin nan na sani."

"To me ya sa ba ki faɗa wa Goggo ba, Mama?"

"Haba. Matar da ke tsayuwa a kanmu da ciwon ƙafa? In ce mata me? Kuma kowa na tafa min."

Ta kwance bakin zaninta ta fito da waya. Lokacin wayar hannu ta fara shiga hannun mutane ke nan. 'Yarta da ke aure a Fatakwal ce ta saya mata, kuma tana turo mata saƙo saboda kira yana da tsada. Auren ba daɗi. Duk saƙon da ya shigo sai ta kai wa mai shagon da ke kusa ya karanta mata, kafin yamma duk layin 'yan kifi sun san abin da surukinta ya yi.

"Abin da ya kai ni ajin ke nan," in ji ta. "In karanta maganar 'yata ni kaɗai. Ke da kika yi karatu mai zurfi, ki gaya min, kaina ne ya tsufa?"

Na ce mata ba kanta ba ne, hanyar koyarwar ce take buƙatar gyara. Ta ce to a gyara mana. Na hau motar Samaru ina jin maganar nan, har muka wuce Kwangila, muka wuce Palladan inda muke zaune, ban ce a sauke ni ba. Idan na ɓoye, za a buɗe sababbin azuzuwa da littafin nan da hanyar nan, a tara wasu matan su yi shekaru suna zargin kawunansu.

Ranar Lahadi bayan sujada na bi Goggo gida. Ta dafa tuwon masara da miyar kuka, ta zuba min kamar kullum. Na jira ta gama ci, sannan na faɗa mata komai, na fara da abubuwan alherin. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na kai kan katunan, sai ta ajiye kofin ruwan da ke hannunta.

"Wato shekarun nan duka wasa nake yi."

"Ba haka na ce ba, Goggo. Abu ɗaya ne ya..."

"Ke wa ya koya miki karatu, Ladi? Ba ni ba? A ɗakin nan, a kan tabarmar can. Ko ke ma haddacewa kika yi?"

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta daɗe, ta fito idonta ja. Muryarta ta sauka.

"Ban ce ki yi ƙarya ba. Ban taɓa koya miki ƙarya ba. Amma ki cire wannan ɓangaren. Ki rubuta sunan da suke rubutawa, ki rubuta zumuncin. Shi ma ai gaskiya ne. Sauran ki bar min, zan gyara a hankali. Mutanen nan idan suka gani, ba za su karanta har ƙarshe ba. Na san su."

Har yau ina cewa roƙonta ba na banza ba ne, kuma abin da ta faɗa game da mutanen ya tabbata. Babanku ma ya goyi bayanta ta wata hanyar. Ya ce:

"Maman Iliya, ki sauya batu mana. Makarantu nawa ne a Zariya? Ki je ki auna ta wani. Shekara ɗaya ce za ki ƙara, ba mutuwa ba ce."

Na kai wa Dokta wannan shawarar. Ya ce ina da dama in sauya, ba zai hana ni ba, kuma ba zai ga laifina ba. Abin da ba zai sa wa hannu ba shi ne kundin da aka tambayi ko mata sun iya karatu a babi na ɗaya, aka kuma ɓace da amsar a babi na huɗu. Na yi makonni ina juya abin. Sauya batu zai cece ni, amma ba zai sauya komai a ajin ba. Na san Goggo. Idan ba a rubuce ta gani ba, za ta ce tsoro ne ya kama matan, a ci gaba yadda ake. Na zauna na rubuta duka, mai daɗi da marar daɗi. Babi na ƙarshe na fi ba wa ƙarfi. Na nuna yadda za a koma koyar da sautin baƙaƙe da haɗa su, a riƙa kawo rubutun da matan ba su taɓa gani ba, na kuma roƙa a fili cewa kada a janye tallafi, a ƙara shi, domin amanar da matan suka ba wa ajin ba a sayenta. Kafin in kai ko'ina, na kai wa Goggo kwafi. Ba ta karɓa ba. Na ajiye a kan tebur na fito.

Ƙungiyar ta karɓi nata kwafin. Aka kira ni aka yaba min, aka ce aiki ne mai kyau. Bayan 'yan watanni suka sanar cewa sun sauya tsari, za su mayar da hankali wani wajen. Na je ofishinsu har sau nawa, na ce su karanta babin ƙarshe. Wani saurayi mai fara'a ya ce sun karanta taƙaitawar. Malaman nan biyu suka nemi wani aiki. Aka kwashe bencin. Majami'a ta mayar da ɗakin wurin ajiye kayan kiɗa.

Ranar da na kare kundina a Samaru, malamai suka tsaya suka gaisa da ni, Dokta Garba ya ce da ni in dawo in yi digiri na uku. Na fito na zauna a kan wani dakali na yi kuka, 'yan ajinmu suna zaton na murna ne. Goggo ba ta zo bikin yaye mu ba. A majami'a ta bar layin da muka saba zama ta koma can gaba. Idan na gaishe ta, ta amsa kamar yadda ake amsa wa baƙo. Ku ba ta taɓa hana ku zuwa ba, shi ya sa ba ku lura sosai ba, sai dai Rahila da ta taɓa tambayata me ya sa Kaka ba ta aiko min da daddawa kuma. Matan zumunta kuwa sun yi min shari'a sun gama. Abin da ya fi ci min rai shi ne Mama Kande. Da ajin ya watse, na yi niyyar in riƙa zuwa rumfarta ina koya mata da kaina. Mun fara, har ta soma haɗa baƙi biyu. Sai auren 'yarta ya ƙara lalacewa, ta tattara ta tafi Fatakwal. Ban sake ganinta ba, ban kuma san ko ta kai ga abin da take nema ba.

Haka muka zauna fiye da shekara biyu. Sai wata Asabar babanku ya dawo daga unguwar PZ ya ce ya biya ta gidan Goggo, ya ga abin mamaki. Mata a tsakar gida a kan tabarmi, ba su kai goma ba, ita kuma tana tsaye da sandarta a gaban ƙofar da ta shafa wa baƙin fenti ta mayar allo. Ba littafi a hannun kowa. Ta yayyanko kwalayen sabulu da na shayi da tsofaffin jaridu, tana ɗaga ɗaya tana cewa su haɗa baƙaƙen. Ya ce ya hango kundina a kan taga, bangon ya yi laushi, an cusa tsinken tsintsiya a babin ƙarshe. Na ce kada ya ce mata komai. Ni ma ban je ba.

Dab da Kirsimeti sai ga aike. Ba gaisuwa, ba komai, wai Goggo ta ce in zo ranar Talata da la'asar, in zo da katunana.

Na yi sababbi, na tafi. Ta nuna min kujera a gindin gwanda, ta koma bakin ƙofar kicin ta zauna ta ba mu baya tana tsinke zogale. Matan suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta farko wata mai sayar da gawayi ce. Ta ɗora yatsa, ta tsaya, ta ja baƙin farko, ta haɗa da na biyu, ta koma baya, ta yi gumi. Kafin ta kai ƙarshen jimlar an ɗauki lokaci, amma abin da ke kan katin shi ta faɗa. Da ta gama ta ɗago ta ce, "Au, wai akuya ce ta shiga mota?" Ta fashe da dariya, don da gangan na rubuta abin da ba wanda zai iya cankarsa. Na lura hannun Goggo ya tsaya a cikin zogalen. Ba duka suka iya ba. Wasu sun kai rabi suka maƙale, wata tsohuwa ko baƙin farko ba ta fitar ba. Amma fiye da rabinsu sun karanta abin da ba su taɓa gani ba.

Da suka watse, Goggo ta taso da ƙyar ta zo ta tsaya a kaina.

"Nawa ne suka faɗi?"

Na gaya mata sunayensu. Ta gyaɗa kai, ta ce dama ta yi zaton biyu daga ciki, ta ukun ce ta ba ta mamaki. Ta ɗauki katunan ta jujjuya su, ta ware ɗaya ta ce rubutun ya yi ƙanana ga masu ciwon ido, na ce gaskiya ne. Ta ware wani ta ce wannan kalmar ba a faɗinta a kasuwa, na ce ana faɗi, muka ɗan yi musu. Ba ta ce ta yafe min ba, ni ma ban ce ta yi haƙuri ba, kuma har ta koma ga Ubangiji ba mu taɓa tayar da zancen ba. Na tattara jakata zan tafi, sai ta ce in zauna, miya ta kusa nuna. Ta juya ta nufi kicin tana dogara sanda, ta yi magana ba tare da ta waiwayo ba.

"Baɗi ki zo da wuri, Ladi. Kuma ki kawo masu wuya."